Nomau da Ramin Rinin da Aka Bari a Buɗe

Kakar bana ta cika shekara goma sha biyar da aka binne Nomau a bayan gidansu, gabas da Ƙarfi. Shekara goma sha tara ke nan kuma da tseren dawakin da ya ɓata masa suna. Ni ne Mamman, maƙwabcinsa na gona, wanda aka ba nasarar wannan tsere bayan an ƙwace ta daga hannunsa.

Ina rubuta wannan takarda don a karanta ta a zauren mai gari kafin tseren bana, a kuma rubuta irinta a kai Gozaki. Sai da furfura ta kama ni na zauna gaban Malam Isiyaku na koyi haɗa baƙi, saboda haka mai karatu ya yi haƙuri da hannuna. Da na iya zuwa in faɗa da baki. Amma na taɓa tsayawa gaban dattawa na yi magana da baki, na faɗi fiye da abin da aka tambaye ni, kuma ba ta kankaruwa. A takarda mutum yana iya tsayawa ya duba abin da ya sa kafin ya ci gaba.

Dalilin rubutun shi ne Ranau, ɗan Nomau. Ya zama magidanci, yana da abin hawansa, ya nemi shiga tseren bana. Dattawa sun ce a'a, gidan da aka taɓa kamawa da ha'inci ba ya sake ɗaura sirdi a wannan tsere. To da bakina aka kama gidan. Don haka ya kamata a ji abin da na gani, da abin da ban gani ba, da abin da har yau nake zargi.

Ga wanda ba ɗan ƙasar nan ba ne, ga yadda tseren yake. In an gama yankan dawa an kai rumbu, masu dawaki na ƙauyukanmu kan taru a ƙofar Ƙarfi bayan sallar asuba. Daga nan a nufi Gozaki, daga Gozaki a karkata zuwa gindin duwatsun Funtua, daga can a dawo Ƙarfi kafin rana ta faɗi. Tafiyar yini guda ce cur, kuma ba kowane doki ke dawowa da mai shi a kai ba. Ba a tsara wa kowa hanya, ka bi inda ka ga dama, muddin ka taɓa wuraren nan biyu. Shaidar kuwa farin ƙyallen saƙi ne da ake ba kowane mahayi, tsawon kamu ɗaya. A marinar da ke bayan ganuwar Gozaki, masu rini su tsoma bakinsa ɗaya a baba ya yi shuɗi. A Funtua dukawa su tsoma ɗaya bakin a ruwan karan dafi ya yi ja. Wanda ya fara dawowa da ƙyalle mai launi biyu, shi ya ci.

Nomau Bamaguje ne, a kan al'adar iyayensa ya rayu, a kanta ya mutu. Ba mai yawan magana ba ne, in ba a kan dawa ko dabba ba. Tun muna samari gonarsa ke jingine da tawa, mun yi gayya tare, mun kori biri tare. Abin da na sani game da doki, rabinsa a wurinsa na koya: yadda ake jiƙa kanwa, yadda ake duba kofato, yadda ake gane dokin da ƙishirwa ta kama tun bai nuna ba. Amma shi bai taɓa mallakar ingarma ba. Goɗiya gare shi, ja, gajera, mai faɗin ƙirji, wadda ba ta taɓa yin gaggawa don kowa ba. Gwaggo yake kiran ta. A wancan zamani namiji mai ji da kansa ba ya hawan goɗiya a bainar jama'a, ta haihuwa ce da ɗaukar kaya. Da ya ce zai shiga tsere da ita, dattawa suka duba ba su sami dokar da ta hana ba, sai suka bar shi don a sami abin dariya.

Mu goma sha ɗaya ne a shekarar. Da muka shiga salla, shi ya riƙe mana dawakai a waje kamar yadda ya saba. Na fito na karɓi linzamin baƙin ingarmana, na ce masa, "Nomau, in kasuwar Gozaki za ka kai Gwaggo, ba yau take ci ba."

Ya ce, "Ka ja majayin sirdinka da kyau, Mamman. Wannan baƙin naka tun ɗazu yake yi mata haniniya. Kada ya bi ta ya manta da kai a hanya."

"In kun kwana a daji, gobe zan aiko da jaki a ɗauko ku."

"Ka aiko da mai ƙarfi. Gwaggo ta ci ta ƙoshi."

Aka yi dariya, aka buga ganga, muka fita.

Mu masu ingarmu muka saki linzami tun daga ƙofa, kowa na son a gan shi a gaba. Rana na fitowa muka kai wata babbar ɗorawa, inda hanya ke sauka gefen fadama. Nan na waiga. Na hango Nomau can baya ya sauka, ya sassauta majayi, ya ja goɗiyar da hannu ya bar hanya, ya gangara cikin wata busasshiyar ƙorama ta hannun dama. Hannun dama kuwa wajen Funtua ne. Na ce a raina ya gaji da wasan, zai koma gida ta bayan gari don kada a yi masa ihu. Ban sake ganinsa ba sai da yamma.

Hanyarmu ta zagaye fadamar, kuma a shekarar ruwa ya daɗe bai janye ba. Dawakai suka yi ta nutsewa a taɓo har gwiwa, biyu suka kama faɗa a mashaya sai da aka sauka aka raba su. Hantsi ya yi sosai kafin na shiga ƙofar Gozaki, ni ne a gaba. Na ratsa gari na fita marina. Na tarar da Gambo, dattijon da aka ɗora wa tsoma ƙyallaye, da mutanensa huɗu. Ya ɗaga murfin ciyawa daga kan rami, ya motsa da sanda, ya tsoma nawa sau uku. Ya fito kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi mai duhu. Abu ɗaya na lura da shi ban ɗauke shi komai ba. Gambo yana sanye da farar riga ta fita unguwa, yana ta tattare hannunta kada baba ya taɓa. Ban tambaye shi ko wani ya riga ni ba, ban ga dalilin tambaya ba.

Daga Gozaki zuwa Funtua, nan tseren yake. Rana ta take, gonakin auduga ba inuwa, kumfa ta rufe wuyan dokina. Na bi abin da Nomau ya koya mini, in yi sassarfa in yi tafiya, in sauka in jiƙa masa wuya duk inda na sami ruwa, in hana shi sha da yawa. Mutum uku suka tsaya a wannan tsakani, ɗaya dokinsa ya gurgunce. Na isa gindin dutse ana kiran azahar, ina ganin ba kowa a gabana. Badukun da ya karɓi ƙyallena ya tsoma, ya miƙo mini, ya ce, "Kai ne na biyu. Mai goɗiya ya wuce tun inuwa ba ta dawo ƙarƙashin ƙafa ba. Har fura ya tsaya ya sha."

A nan zargin ya shige ni, kuma ba zan ce wani ne ya sa mini shi ba. Mutumin da na bari a baya yana jan dabba a ƙasa, ta yaya ya riga ni? Hannun dama ya bi. In ya yanke kai tsaye zuwa Funtua bai taɓa Gozaki ba, ai dole ya riga kowa. Kafin in hango ganuwar Ƙarfi na gama yanke masa hukunci.

Na shigo rana ta yi ja. Na tarar an sauke wa Gwaggo sirdi tana cin harawa, Nomau na zaune a ƙasa yana murza mata ƙafa. Ya ɗago ya ce, "Sannu da hanya, Mamman. Ina jakin?" Jama'a suka fashe da dariya. Na yi shekaru ina tambayar kaina, da bai faɗi wannan ba, ko abin da ya biyo baya da ya faru.

Washegari da hantsi aka shimfiɗa ƙyallaye a gaban dattawa. Jan na kowa iri ɗaya ne. Shuɗin kuwa, namu mu bakwai mai duhu ne, nasa shi kaɗai fari-fari kamar tsohuwar rigar da ta sha wanki, ga wani ɗoyi yana tashi daga jikinsa. Aka tambaye shi. Ya ce ƙoramar nan lanƙwasawa take yi ta fito daidai bayan marina, shi ya sa mutanen ƙofar Gozaki ba su gan shi ba. Ya ce, "Na tarar ba kowa. Na yi kira har sau uku. Ramuka bakwai, shida a rufe, ɗaya a buɗe. Zan buɗe wa mutum abinsa ba ya nan? Na tsoma a buɗaɗɗen na wuce."

Aka aika Gozaki. Bayan kwana biyu Gambo ya zo, ya ce tun asuba suna bakin ramukansu, ba su ga goɗiya ba, ba su ga mai ita ba. Nomau ya ce a kawo ƙarfe ya rantse a kansa yadda mutanensu ke yi. Aka ce wannan rantsuwa ba ta shiga nan. Gambo kuwa ba wanda ya ce ya rantse da komai. Dattijo ne mai salla, maganarsa ta isa.

Sai aka juyo kaina. Tambaya ɗaya aka yi mini, ko na gan shi a Gozaki. Na ce ban gan shi ba. Gaskiya ne. Na ce na ga ya bi hannun dama a gindin ɗorawa. Wannan ma gaskiya ne. Da na tsaya nan, da ban rubuta takardar nan ba. Amma na ƙara da cewa matarsa tana da tukunyar baba a bayan rumbu wadda take rina zare a ciki, kuma na gan ta cike kwana uku kafin tsere. Ba wanda ya tambaye ni tukunya. Nomau ya dube ni, ya tashi ya kakkaɓe warkinsa ya tafi. Aka ba ni nasara.

Akwai abin da ya zo mini a zuciya tun ranar farko na haɗiye shi. Ƙorama yashi ce. Da an tura mutum biyu washegarin tsere, da sun bi sawun kofato sun ga inda ya nufa. Na san haka, na yi shiru. Kafin Gambo ya iso, garken shanu ya bi ta cikinta, an wuce wurin. Ko dattawan ba su tuna ba ne, ko sun tuna sun yi irin shiruna, ban sani ba. Abin da na sani, biyu daga cikinsu 'ya'yansu na cikin waɗanda goɗiya ta wuce.

Da aka sami ƙofa, kowa ya kawo nasa. Wani ya ce dama Nomau ya tofa wa dawakanmu wani abu lokacin da ya riƙe su muna salla, shi ya sa suka yi faɗa a mashaya. Shekara nawa yana riƙe mana su, ba wanda ya taɓa cewa haka. Daga ranar aka daina miƙa masa linzami. Ni ma ban tsira ba. A kasuwar Malumfashi na ji da kunnena ana cewa ni da Gambo muka shirya, wai na kai masa damin dawa biyu. Ko zangarniya ban kai masa ba. Amma a ranar na ɗanɗana yadda abin yake, mutum ya san bai yi ba, ba shi kuma da hanyar nunawa. An ba ni rago da jar jalala. Ragon mun ci. Jalalar ban taɓa shimfiɗa ta a bayan doki ba, asu ya cinye ta a cikin adudu.

Shekara huɗu Nomau ya yi a duniya bayan haka. Bai daina gaishe ni a bakin gona ba, bai fasa zuwa gayyata ba. Zaurena ne kawai bai sake shiga ba. Da ciwon ciki ya kwantar da shi a ƙarshen damina, na je duba shi. Na zauna, na rasa ta inda zan fara, na ce, "Nomau, maganar nan ta tsere..."

Ya ce, "Ka ga tukunya, ka ce ka ga tukunya. Ƙarya ka yi?"

Na ce, "A'a."

"To bar ni in ji da cikina."

Bayan kwana shida ya mutu. Na juya wannan magana ta kowace fuska. Wata rana in ji ta kamar yafiya. Wata rana in ji ta kamar ta mutumin da ya san an kama shi da gaskiya. Wata rana kuma in ji ta kamar mari. Da na fara karatu, Malam ya ce mini addu'ar da muke yi wa mamatanmu ba a yi wa wanda bai yi salla ba. Ban yi masa gardama ba. Amma na tambaye shi ko haƙƙin irin wannan mutum yana hawa kan Musulmi. Ya ce yana hawa, kuma yana da wuyar sauka, tunda mai shi ba ya nan balle a roƙe shi.

Sai da Nomau ya shekara uku a ƙasa na ari goɗiya a wurin wani Bafillace, na fita da sassafe ba wanda ya sani, na gangara ƙoramar. Da farko ƙoramar ta nufi yamma kamar za ta Funtua, har na ji sanyi a raina, na ce ashe ban zalunce shi ba. Sai ta lanƙwasa. Yashinta a daddaɓe yake, ga inuwar kanya da marke gefe da gefe, in ka tona kamu ɗaya ka sami ruwa. Dabba tana sassarfa a ciki ba ta gajiya. Hantsi bai gama yi ba na ɗago kai na ga bayan ganuwar Gozaki, ga marina a gabana.

Gambo ya riga ya rasu a lokacin. Na ga ramuka a rufe, ɗaya can gefe a buɗe. Na tambayi wani mai rini me ya sa ba a rufe wannan ba. Ya ce ai dagwalo ne, ruwan baban da ya gama aiki ya mutu, ba mai ɓata murfi a kansa. Na yagi bakin rawanina na tsoma. Ya fito fari-fari, da ɗoyin nan da na sani. Wanda ya taso a marina, da ganin rami ya san mai rai da matacce. Manomi ina zai sani?

Za a ce to magana ta ƙare. Ni dai ba ta ƙare mini ba. Na je wurin matar Nomau da wani tsumma na ce ta rina mini a tukunyarta. Ta daɗe tana dubana kafin ta karɓa. Shi ma fari-fari ya fito. Ɗoyin ne babu, amma wa zai dogara da hancin da ke tuna warin shekara bakwai? Kuma mutumin da ya san ƙoramar nan haka, ai yana iya sanin akwai buɗaɗɗen rami tun kafin ranar, ya tanadi amsarsa. Haka zuciyata ke yi da ni.

Bara waccan wani tsohon wanzami na Gozaki ya zo yi mini ƙaho. Yana tsaga yana surutu irin nasu, har ya kawo kan shekarar da goɗiya ta shiga tsere. Ya ce, "Ai ba na manta ranar. Ina cikin aske jikan Gambo, safiyar suna ce, duk masu rini na zaure ana rabon goro, sai aka ce ga dawakai a ƙofa. Ka ga tsofaffi da manyan riguna suna gudu! Gambo har takalmi ɗaya ya bari."

Na tuna farar rigar nan da ake tattare hannunta. Na ce, "Ka taɓa faɗa wa wani?"

Ya ce, "Wa ya tambaye ni? Kai ma ba tambayata ka yi ba, Malam Mamman. Sunkuya, jini na zuba."

Shi ma ban saki jiki da shi gaba ɗaya ba. Na bincika na ji ya daɗe ba ya shiri da gidan Gambo, kuma wanzami ya san abin da mai ƙaho a baya ke son ji. Ko bai san ni ne na kan baƙin ingarma ba, ko ya sani ya yi kamar bai sani ba. Amma rigar da idona na gan ta. Mai rini ba ya zama a bakin rami tun asuba da farar riga.

Na san wannan takarda za ta ɓata wa jikokin Gambo rai, Malam ma ya ce in sake tunani kafin in sa sunansa. Ban ce mugunta ce ta sa shi ba. An ɗora masa amanar tsayawa a bakin rami, ya tafi suna, yana ganin ba mai isowa kafin hantsi, don ba a taɓa isowa ba. Da aka kira shi gaban dattawan wani gari, sai ya tsare mutuncinsa da na unguwarsa. Wanda zai faɗi kuwa Bamaguje ne a kan goɗiya. Ina jin bai ɗauka wani abu ne mai nauyi ya yi ba.

Akwai kuma abin da na sani tun kafin tseren, ban faɗa ba. Wata shekara da bazara Nomau ya zo nemana ba na nan. Ya zauna a zaurena tun hantsi har azahar, ga randa a gefensa da faifai a kai, ga moɗa. Na dawo na same shi leɓe ya bushe. Na ce me ya hana ka sha? Ya ce a rufe ya same ta. Haka aka tayar da su a gidansu. Rumbu, tukunya, ƙwarya, in mai abu ya rufe, shi zai buɗe. Lokacin da ya ce wa dattawa shida a rufe ɗaya a buɗe, ni kaɗai a wurin na san cewa in dai ya je marinar, to haka ɗin zai yi. Randa da tukunya duk suna cikin kaina a ranar. Tukunyar na ɗauko.

Da zai ɗago yau ya ga tseren, ban san ko dariya zai yi ba. Bara, da yawa daga cikin mahayan, goɗiyoyi suka hau, har da jikokin dattawan da suka yi masa hukunci. Ba mai zagaye fadama yanzu, kowa ƙorama yake gangarawa, kowa ya sauka ya sassauta majayi a gindin ɗorawa kamar da saninsa aka haife shi. In ka tambayi mahayi wa ya fara bin nan, sai ya ce ai tun da can ake bi. A marina kuma malami ake zaunarwa da tawada ya rubuta sunan duk wanda ya iso, a Funtua wani malamin, sa'an nan a zazzage jakar kowa a ƙofa kafin a fita, a sansana ƙyalle in an dawo. Tun daga shekararsa ba wanda ya sake yarda da wani. Ina jin zai tsaya ya kalli wannan duka, ya tambaya su malaman wa ke duba su ranar da aka yi suna a gidansu.

Ranau ya zo mini kwana goma da suka wuce. Ya tsaya a ƙofar zaure, na ce ya shigo, ya ce nan ma ya isa.

Ya ce, "Baba Mamman, an ce shekara da shekaru kana yawon Gozaki kana tsoma tsumma. Me ka samo?"

Na ce, "Wa ya gaya maka?"

"Inna. Ta ce har wurinta ka kai."

Na ce na samo abubuwa, amma ba wanda zan iya dafa Alƙur'ani a kansa.

Ya ce, "Ranar da ka faɗi tukunya, Alƙur'ani ka dafa?"

Na ce ban dafa ba.

"To wannan ma faɗe shi haka nan."

Ya juya ya tafi. Na bi shi da kallo ina tunanin ko wani ne ya turo shi, don akwai masu son a tozarta ni a ƙarshen kwanana, na san su. Daga baya na ga ko an turo shi ko ba a turo shi ba, tambayar tana nan inda ya ajiye ta.

To ga abin da zan faɗa haka nan. Ban ga Nomau a Gozaki ba, kuma ba zan taɓa iya cewa na gan shi ba. Waɗanda suka san tabbas sun tafi, shi da Gambo. Amma in an auna zargi da zargi, wanda ke kan rigar Gambo ya fi wanda ke kan tukunyar matar Nomau nauyi. Wanda ke kaina kuma ya fi su duka, domin ni kaɗai na ci riba. Mutumin da zai hau in an kayar da wani, bai kamata a karɓi shaidarsa a kan wanin ba. Dattawan wancan lokaci sun san haka, ni ma na sani, suka karɓa, na bayar.

Abin da ya rage na Nomau yana da yawa in an duba. Gonarsa na hannun ɗansa, dawa na fita a cikinta kamar da. Goɗiyar da Ranau ke son hawa jikar Gwaggo ce, da irin ƙirjinta. Hanyarsa kowa na bi. Yadda yake shayar da doki ya shiga hannun mutanen da ba su taɓa ganinsa ba, wasu ma ta hannuna suka koya. Sunan ne kawai aka bari a inda na jefar da shi, kuma shi ɗansa ya zo nema.

Kun san al'ada. Safiyar tsere sanƙira yana jero waɗanda suka ci, shekara bayan shekara, wanda ke raye ya amsa daga cikin taro, kuma ba a buga ganga sai kowane mai rai ya amsa. Sau goma sha takwas ina amsawa. Bana ina roƙon dattawa su bar Ranau ya hau, in sanƙira ya kawo kan waccan shekarar kuma ya kira Nomau, ɗansa ya amsa masa. In sun ga ba za su iya ba, to su sani zan zo. Zan tsaya a gaba inda kowa ke ganina, kusa da goɗiyar Ranau, hannuna a kan linzaminta. Sanƙira ya kira Mamman sau nawa ya ga dama. Rana za ta fito, dawakai za su yi ta haniniya a ƙofa, ni kuwa na iya jira.